Gwangwanin Masu Gyaran Keke

Shekarar da Inna ta rasu na ɗauko Baba na kawo shi Greensboro, a Amurka. Abin da na faɗa wa dangi shi ne za a yi masa aikin ido, don yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan ma ya fara ganin hazo. Abin da ban faɗa ba shi ne gidanmu na Malumfashi ya zama ba kowa. Yayana yana Legas, ƙanwata tana aure a Maraɗi, shi kuma tsoho ne mai ciwon suga wanda bai taɓa dafa ko ruwan zafi da hannunsa ba. Na san in na bar shi can, wata rana waya kawai za a yi mini.

Gidan da muke haya a hawa na biyu yake, bayan manyan kantunan Wendover Avenue. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. 'Yata tana makaranta, ni kuma aikina kula da tsofaffi a gidajensu. To, ga abin kunya: in wuni ina ba tsohuwar wasu abinci a baki, nawa tsohon yana zaune shi kaɗai a baranda yana kallon motoci. An yi aikin idon, aka kuma dace. Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana leƙen titi, ina jira in ji ya yaba benaye da fitilu, sai ya ce wannan wace irin ƙasa ce, tun safe bai ga keke ko ɗaya ba.

Baba mai gyaran keke ne. Shekara arba'in ya yi a gindin wata darbejiya a bakin kasuwa, da faci da gyaran birki da ɗaurin ƙafar keke ya ciyar da mu, da su ya yi mini kuɗin makaranta. Har yau akwai baƙin giris a tsagar tafin hannunsa wanda duk sabulun Amurka ya kasa fitarwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ko ina ƙarama in na yi ɓarna, iyakar faɗansa ya ce Uwata ba ki kyauta ba.

Da aka yi wata huɗu sai ya fara ramewa. In tuƙa tuwo, in kaɗa miyar kuka da daddawar da nake sayowa da tsada a shagon 'yan Afirka, ya ɗan taɓa ya ture kwano. Ranar Juma'a in an kai shi masallaci ya ɗan farfaɗo, kafin Lahadi ya koma gidan jiya. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce in an yi Babbar Sallah in sayo masa tikitin komawa gida. Ni kuwa bakina ba ya iya shiru. Na hau faɗa, wa zai ba shi magani, wa zai dafa masa abinci, wa zai ji in ya faɗi a banɗaki. Ya bar ni na gama tas.

"Uwata," ya ce, "a can in na mutu za a ce mai gyaran keke ya rasu. A nan me za a ce?"

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji, na yi kukana.

A lokacin ina kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, gida ɗaki kusan goma, ita kaɗai sai kyanwa. A garejinta akwai keken marigayi mijinta a rataye, ƙura ta rufe shi, tayoyi sun ruɓe. Ta ga ina yawan tsayawa ina kallonsa, ta ce in ina so in ɗauka, ya tare mata wuri. Na tura shi bayan mota, murfin ya ƙi rufuwa, na ɗaure da tsohon ɗankwali. Da na iso gida na ɗaga kai na kira Baba daga ƙasa. Mutumin da kullum sai na riƙe masa hannu a matakala, ran nan kafin in kwance ɗankwalin yana tsaye kusa da ni, takalminsa ƙafa ɗaya a juye.

Ya shafa keken tun daga sirdi har feda. Ya kife shi, ƙafafu a sama, ya murza ƙafar baya, ya kasa kunne. Ya ce keke ne na ƙwarai, masu shi ne ba su san darajarsa ba. Ya nemi sifana, na kawo masa guduma da sukuddireba ɗaya, su ke nan kayan aikin gidanmu. Ya kalle ni kamar na kawo masa ludayi. Ya lissafa mini abin da yake bukata, taya biyu da boris da ɗan makullin da ake ɗaure wayoyin ƙafa da shi, ya ce in nemo masa inda masu gyara suke zama a garin nan.

Na samo shagon, amma kafin mu je sai damuwar tip ta kama ni, wato ɗan abin da ake ƙara wa mai aiki bayan an biya kuɗin aikinsa. Na taɓa shan kunya a gidan abinci farkon zuwana, na biya daidai na fito, mai kawo abincin ta bi ni da wani kallo da har yau ban manta ba. Don haka na fara tambaya. Wata Anti 'yar zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ta ce a ƙasar nan ko gaisuwa aka yi miki da fara'a, ki buɗe jaka. Wani Alhaji abokin maigidana ya ce sam, masu kawo abinci da masu aski da direbobin tasi kawai ake ba, kuma shi direban tasi ne, sai da ya maimaita na ƙarshen sau biyu. 'Yata ta duba waya ta amsa mini da Turanci, kamar kullum, wai ba dole ba ne, wasu suna ba da ɗan wani abu, wasu suna kai wa masu gyaran kayan zaƙi, wasu kuma giya. Na ce a'uzubillahi, ni da lulluɓina in shiga shago rungume da katan ɗin giya? Haka na kwana ban san abin yi ba.

Ranar Asabar muka je. Ɗan ƙaramin shago ne tsakanin wurin wanki da mai sayar da waya. Muna buɗe ƙofa warin roba da giris ya tare mu, Baba ya tsaya cik ya ja numfashi ya lumshe ido, har sai da na ɗan tura shi. Mai shagon baƙar fatar Amurka ne, dogo, mai farin gemu, tabarau a ƙarshen hanci, ba ya son yawan magana. Akwai wata budurwa da wani magidanci da suke aiki tare da shi. Ya ɗora kekenmu a kan abin ratayewa ya murza ƙafar baya. Kafin ya ɗauko abin awonsa Baba ya miƙa hannu ya tsayar da ƙafar. Na ce a raina yau mun shiga uku, za a kore mu. Baba ya fara kaɗa wayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya nuna guda uku. Mutumin ya sa abin awonsa a kan ukun nan, ya dubi Baba ta saman tabarau, sannan ya zaro ɗan makulli daga aljihun gaba ya miƙa masa.

Na tsaya ina kallon hannun Baba yana aiki. Rabona da in ga haka tun ina 'yar makaranta, in kai masa fura a gindin darbejiya. Da ya gama, ƙafar ta juya sumul ba ko gezau. Mai shagon ya tambaye ni aikin me mahaifina yake yi a gida, na faɗa masa. Ya cire safar hannu ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya riƙe da hannu biyu.

A wurin biya kuɗin taya da boris kawai ya karɓa, ya ce aikin ai mahaifina ne ya yi. Kusa da na'urar biyan akwai tsohon gwangwanin kofi, an tsaga murfinsa, an liƙa masa takarda an rubuta tip. Na ce madalla, ga amsar tambayata. Na buɗe jaka na kai hannu ke nan Baba ya riƙe mini wuyan hannu ya tambayi mene ne wannan. Na yi masa bayani a gurguje. Ya ɓata rai ya ja ni waje.

A mota ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi a wata huɗun nan tsawo. Wai ƙwararren mai sana'a irin wannan, a ajiye masa gwangwani a gaba kamar asusun gina masallaci? Na ce Baba, kai ma ai ana ba ka na goro. Ya ce na goro daban. Sai mutum ya biya kuɗin gyara, ya hau kekensa ya ji daɗinsa, sannan ya dawo ya ba ka hannu, abin yana naɗe a tafinsa, na kusa da kai ma bai gani ba, ya ce Allah ya yi wa sana'a albarka. Addu'ar ake so, kuɗin rakiya kawai suke yi mata. Ya ce kuma abokin sana'a ba a ba shi kuɗi ko ta wace hanya. In ya yi maka alheri, kai ma sai ka je ka kama masa aiki. Saboda haka Asabar mai zuwa in mayar da shi shagon.

Na yi ta juya yadda zan faɗa wa Ba'amurke cewa mahaifina ya zo kama masa aiki don godiya. Ashe wahalar banza na yi. Ina cikin kame-kame mutumin ya jawo wata kujera mai ƙafa uku ya ajiye kusa da tasa, ya ciro rigar aiki daga ƙusa. A bayan shagon akwai tulin tsofaffin kekuna da mutane suke kawowa kyauta, su gyara su ba waɗanda ba su da mota. Ya ce hannu ya yi musu kaɗan, kekunan sun fi shekara suna jira.

Daga Asabar aka koma har da Talata da Alhamis. In sauke shi da safe, in ɗauko shi in na tashi aiki. Ya dawo da hannu baƙi ƙirin, ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari. Yadda suke hira shi da mai shagon, Allah kaɗai ya sani, don Turancin Baba bai wuce kalma goma ba, shi kuma mutumin sannu da madalla kawai ya koya, yana faɗar su ko'ina, ko an yi ɓari. Baba ya kai masa goro, ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye don kunya. Mai shagon ya share wani lungu ya shimfiɗa kwali, lokacin azahar ya riƙa nuna wa Baba agogo. Maganar tikiti kuwa ba ta ƙara tasowa ba, ni ma na yi kamar na manta.

A nan ne na yi wautata. Ni aikin tsofaffi nake yi, na san yadda ake gajiya da su. Na ga 'ya'yan cikinsu suna duba agogo tun kafin su zauna. Sai tsoro ya shige ni, in wata rana mutumin nan ya ce ya isa haka fa? Shago ne, ba gidan ubana ba, kuma na riga na sa wa raina cewa a ƙasar nan ba abin da ake yi don Allah. Don haka duk ranar da na kawo Baba, in ya shiga ciki yana ɗaura rigar aiki, sai in zura wani abu a gwangwanin nan, kuma ba kaɗan ba. Mai shagon ya taɓa kama ni, ya ce ba sai na yi haka ba, mutumin nan aiki yake yi. Na yi dariya na ce don haƙurin da suke yi da shi ne. Ya girgiza kai. Ni kuwa da taurin kai na ci gaba, ina ganin ni ce mai wayo, ina saya wa mahaifina kwanciyar hankali. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Saura sati uku Sallah, wata Talata, Baba ya manta tabaransa a mota. Ya fito daga bayan shago daidai lokacin da yatsuna suke bakin gwangwani. Idon da na yi ta zirga-zirgar asibiti aka gyara, shi ya kama ni. Ya tambaye ni wane keke na kawo gyara. Na ce babu. Ya ce to na mene ne. Na janye hannuna daga gwangwanin. Ya kwance rigar aikin ya ninke ta ya ɗora a kan kujera, ya ba mai shagon hannu, ya ɗaga wa sauran biyun hannu, ya fita ya shiga mota.

Muka kama Wendover. Sai da jar fitila ta tsayar da mu ya yi magana, yana kallon gaba.

"Ashe hayar kujera kike biya mini. Kamar jaririn da ake kaiwa gidan raino."

Na rantse da Allah ba haka ba ne, na ce mutumin bai taɓa nema ba, ya ma hana ni. Na yi magana har muka shiga gida, har saman bene. Iyakar abin da ya ce shi ne, ke, buɗe ƙofa. Ke. Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, kuma ya fi mini mari zafi.

Washegari ya ciro jakarsa daga ƙarƙashin gado ya ninke kayansa a ciki, ya ajiye ta bakin ƙofar ɗaki inda dole in gan ta duk wucewa. Keken ya ɗaure shi a ƙarƙashin matakala bai ƙara kallonsa ba. Maigidana ya kira daga hanya ya ba shi haƙuri, ya saurare shi da mutunci, ya sa masa albarka, ya ce a dai taimaka da tikiti. Kwanon tuwo ya koma dawowa kamar yadda aka kai shi. Kwana goma ba Uwata a gidan nan.

Da abin ya ishe ni sai na tafi shagon, kuma maimakon in je da kunya, da faɗa na je. Haushin kaina nake ji amma a kan bawan Allahn nan na sauke, wai don me bai ɗauke gwangwanin ba, don me bai hana ni da ƙarfi ba. Ya bar ni na gama, kamar yadda Baba yake yi, har abin ya ƙara ba ni haushi. Sannan ya ce in faɗa masa yadda ake yi a garinmu. Na zauna a kujerar Baba na faɗa masa duka, na goro da naɗe shi a tafin hannu, da addu'a, da cewa abokin sana'a ba a ba shi kuɗi. Ya daɗe yana goge sifana ɗaya. Ya ce gwangwanin nan ba nasa ba ne, shi mai shago ba ya taɓawa, na waɗanda suke tsaye a kan aiki ne, duk ƙarshen mako su raba. Ya ce ya daɗe yana neman yadda zai sa Baba a rabon ba tare da ya ɓata masa rai ba. Na roƙe shi ya zo ya ba Baba haƙuri. Ya ce a'a, irin wannan mutumin magana ba ta dawo da shi. Na fito ina cewa shi ke nan, na kashe maganar da hannuna.

Ranar Lahadi da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga mai shagon jiƙe da gumi, ƙafar keke rataye a kafaɗa. A kan keke ya zo, ta cikin motocin Wendover, abin da ko mahaukaci sai ya yi tunani kafin ya yi. Baba ya amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa, ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Mutumin ya ce in fassara. Wani tsohon manomi ne daga ƙauyen McLeansville ya kawo keken mahaifinsa, irin na da, baƙi, mai birkin sandar ƙarfe. Ƙafar baya ta lanƙwashe, kuma irinta ba a samu yanzu. Kwana biyu yana fama, in ya gyara nan can ya karkace, in aka kama birki sai keken ya riƙa fizga.

Na fassara, amma a raina na ce dabara ce, kuma na ga Baba ma haka ya ɗauka. Bai ko miƙa hannu ba. Mutumin bai roƙe shi ba. Ya fita baranda ya riƙe ƙafar ta tsakiya ya murza ta, ya bar ta tana juyawa tana layi. Irin keken da ya cika Malumfashi ne lokacin da nake yarinya, na malaman makaranta da masu kai madara, Baba ya ɗaure irin ƙafar nan ba adadi. Ina kallonsa yana kallon bango, kunnensa kuwa yana baranda. Can ya tashi, kamar wanda zai je shan iska, ya karɓe ta.

Ya kaɗa wayoyin. Ya duba kawunansu inda makulli ya cinye su saboda yawan ɗaurewa da kwancewa. Ya ɗaga ta saitin haske ya rufe ido ɗaya. Da an lalata ta da gangan don a yaudare shi, da ya gane a take, kuma da ya miƙa masa abarsa. Sai na ji ya ce, ba da ni yake ba, mutumin nan ya sha wahala da gaske.

Ya kwance wayoyin gaba ɗaya. Ya aike ni ƙasa na samo guntayen katako biyu a wajen juji, ya kwantar da ƙarfen a kansu, ya cire takalmi ya taka da dunduniya, ya ɗauko gudumar nan tawa da ya raina. Da ya ɗaga ta, mai shagon ya rufe idonsa da hannu, 'yata ta fashe da dariya. Bugu uku Baba ya yi, a hankali, yana juyawa yana dubawa. Sannan ya zauna ya mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, mutumin yana miƙa masa. Sun kai har rana ta yi sanyi. Da aka murza ƙafar ta tsaya tsaf kamar ba ta motsi. Mutumin ya ce madalla, karo na farko da ya faɗe ta a wurinta.

Ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya hana. Ya ce in faɗa masa shi ba ya sallamar ƙafa sai ya gan ta a jikin kekenta, mai keken yana kai. Aka tsayar da Asabar. Daga Lahadin nan zuwa Asabar na kame bakina, ban ce komai a kan shago ko tikiti ba, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Jakar tana nan bakin ƙofa, ƙafar keken tana jingine da ita.

Ranar Asabar Baba ya ɗaura ƙafar da kansa, ya daidaita sandunan birki, amma bai taɓa rigar aikin ba, tana nan a ninke inda ya bar ta. Manomin ya zo a tsohuwar motar ɗaukar kaya, Bature ne tsoho, ya kusa sa'ar Baba, wuyansa duk rana ta ƙone. Ya hau keken a filin ajiye motoci yana tangaɗi, ya zagaya, ya kama birki, keken ya tsaya cak. Ya sake zagayawa, ya sake. Da ya sauko sai da ya ciro hankici ya share ido, ya ce a kan keken nan mahaifinsa yake ɗora shi ya kai shi makaranta. Ya tambayi wanda ya yi aikin, mai shagon ya nuna Baba da haɓa.

Manomin ya zo ya kama hannun Baba ya daɗe bai saki ba, yana magana. Daga inda nake tsaye na hango gefen takarda a naɗe tsakanin tafukansu. Na ce yau kuma an ƙarasa ni, kuɗi a hannun Baba a shagon nan. Baba bai waiwayo ba, ya tambayi me yake cewa. Na ce cewa ya yi Allah ya yi wa hannunka albarka. Da gaske abin da ya ce ke nan, ban ƙara ko kalma ba.

"Amin," in ji Baba. Ya bi motar da kallo har ta hau titi. "Ashe a nan ma akwai waɗanda suka iya."

Muka koma ciki, hannunsa a dunƙule. Ya tsaya gaban gwangwanin ya ce a tambayi mai shago wa yake cin abin da ke ciki. Na fara ba shi amsa tunda na sani, ya ce ba ni ya tambaya ba. Na tambaya. Mutumin bai yi dogon bayani ba, ya nuna kansa ya girgiza kai, ya nuna budurwar, ya nuna magidancin, sannan ya nuna kujerar nan mai ƙafa uku. Baba ya daɗe yana kallon kujerar. Ya kai hannu ya zura takardar a tsagar gwangwanin, ko buɗe ta bai yi ba balle ya san nawa ce. Ya ɗauki rigar aikin ya warware ta ya fara ɗaurawa.

"Uwata," ya ce, yana laluben igiyar a bayansa. "Maganin sugan nan ya kusa ƙarewa, ki karɓo mini na wata uku. Kuma kada in ƙara ganin hannunki kusa da gwangwaninmu."

Na ce to, Baba. Na fita na shiga mota, na daɗe a zaune kafin in iya tayar da ita.